Idan Sakakken Kare Ya Ciji Karen Gida: Darasi Daga Ƙasar Rimawa

Gabatarwa

A ƙasar Rimawa, watau yankin Wurno da Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato, kare ba baƙon dabba ba ne. Mafarauci yana da nasa, makiyayi yana da mai tsaron ruga, mai lambu kuma yakan ajiye ɗaya a bukkarsa ta fadama domin gadin albasa da tafarnuwa da injin ban ruwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984, noman rani ya ƙara jawo jama'a fadama, kuma duk inda mutane suka taru da abincinsu, karnuka ba su rasa zuwa. Daga cikinsu akwai waɗanda ake ciyarwa ana ɗaurewa, akwai masu gida amma an sake su suna yawo dare da rana, akwai kuma waɗanda ba a san mai su ba, suna rayuwa a kan juji da mahauta da bayan kasuwa.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 12 da ya nufi fadama da hantsi ɗauke da abincin mahaifinsa, yana jan karen gidansu da igiya. Kwatsam sai ga wani sakakken kare ya fito daga cikin ciyawa ya auka wa nasa. Kafin a ankara an gama, baƙon ya gudu, na gida yana ɗingishi da ɗan jini a wuya, shi kuma yaron ya sami ƙwarzane a hannu wajen ƙoƙarin raba su. Da ya koma gida sai a ce masa ai faɗan karnuka ne, a shafa toka a manta. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa irin wannan hukunci yake da haɗari ga karen da kuma mutanen gidan, sa'an nan ya nuna abin da ya kamata a yi da hikimar da ke bayan kowane mataki.

Abin da ke sa karnuka faɗa

Kare ya samo asali ne daga kyarkeci, kuma ƙasusuwan da masana suka tono sun nuna cewa ya fara zama da ɗan Adam aƙalla shekara 14,000 da suka wuce. Daga kakansa ya gaji ɗabi'ar tsare yankinsa, wanda yake shata wa iyaka da fitsari. Saboda haka yawancin faɗan karnuka ba ya wuce dalilai uku: keta iyaka, takara a kan abinci, da takara a kan karyar da ta shiga lokacin barbara.

Lafiyayyen kare ba ya cika kai hari ba tare da gargaɗi ba. Jikinsa yakan sandare, gashin bayansa ya tashi, ya ƙura ido, ya yage leɓe yana gurnani. Idan ɗayan ya kau da kai, ko ya kwanta ya nuna ciki, ko ya ja da baya, sau da yawa rigimar takan mutu a nan. Karen da ke ɗaure a igiya kuwa ba shi da wannan dama, domin ba ya iya gudu kuma ba ya iya sarari, shi ya sa yakan fi shan wahala idan sakakke ya tare shi. Yaron da ya hango irin waɗannan alamu daga nesa sai ya canja hanya a hankali. Kada ya ruga, kada ya yi kururuwa, domin gudu yana tayar wa kare da ɗabi'ar farauta.

Akwai kuma harin da ba ya bin wannan tsari. Idan baƙon kare ya zo da sassarfa, bai yi gurnani ba, bai tsaya shinshina ba, ya ciji kare ya wuce ya ciji akuya ko turke ko duk abin da ya tarar, to wannan abin lura ne ƙwarai, kuma za a ga dalili a gaba.

Yadda ake raba faɗa

Doka ta farko ita ce kada a sa hannu tsakanin bakunan karnuka biyu, kuma kada a kamo wuyan kowannensu. Lokacin faɗa, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda suna zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya takan ƙara bugu, jin zafi ya ragu, dabbar ta riƙa cizon duk abin da ya taɓa ta ba tare da ta duba ba. A wannan hali kare yana iya cizon yaron da ya rene shi tun yana ɗan kwikwiyo.

Abin da ya fi shi ne a raba su daga nesa. Ana iya sheƙa musu ruwa a fuska da bokiti ko tiyon ban ruwa, ko a buga kwano da ƙarfi, ko a zura wani abu mai faɗi tsakaninsu, kamar faifan kwano ko katako ko zana, ko a jefa buhu a kan fuskar mai harin. Kada a fizge karen da aka ciza da ƙarfi alhali haƙoran ɗayan suna cikin namansa, domin fizgar ita ke mai da huda ta koma tsaga. Ƙaramin yaro kuwa aikinsa ɗaya ne: ya saki igiya, ya ja gefe, ya kira babba. Da zarar sun rabu, a yi ƙoƙari a shaida mai harin, a lura da launinsa da girmansa da inda ya nufa, a kuma tambayi ko yana da mai shi. Wannan bayani zai yi amfani fiye da yadda ake zato.

Raunin cizo da taimakon farko

Babban kare yana da haƙora 42, daga ciki akwai fiƙoƙi 4 masu tsini. Idan ya kama abokin faɗa, yakan girgiza kansa, kuma da yake fatar kare sakwa-sakwa take, sai fiƙa ta shiga ta ƙaramar kafa ɗaya ta yi ta yanka tsoka a ƙarƙashi. Abin da ido ke gani ɗan huji ne cikin gashi, amma ɓarnar tana ciki, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya lau. Bugu da ƙari, bakin kare cike yake da bakteriya, musamman irin da ake kira Pasteurella, kuma fiƙa tana dasa su can cikin nama. Bakin hujin yakan rufe da wuri, sai bayan kwana 2 ko 3 a ga wurin ya kumbura ya tara ruwa, karen ya daina cin abinci.

Wanda zai taimaki karen sai ya fara da kare kansa. A ɗaure bakin karen da tsumma mai laushi, sai fa idan yana numfashi da ƙyar. A sa safar roba, in babu a zura hannu cikin leda mai kyau, domin yawun mai harin yana nan a jikin gashi da rauni. Idan jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta har ya tsaya. Daga nan a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a shafa aidin idan akwai. Kada a cusa toka ko barkono ko kananzir ko baƙin mai, kuma kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, domin wasunsu suna lalata masa ciki da ƙoda.

Bayan haka a duba dasashinsa. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai damshi. Idan ya yi fari fat, ko karen yana haki ba ya iya tsayawa, ko cizon yana ƙirji ko ciki ko maƙogwaro, to akwai yiwuwar zubar jini ta ciki ko hujewar huhu, kuma ba a jira. Ko da raunin ƙarami ne, ya kamata malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya gan shi a ranar. Manyan raunuka kuwa ana iya kai su Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Ciwon haukan kare

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi raunin da ake iya gani ko taɓawa. Babban haɗarin kuwa ba a ganinsa, watau ciwon haukan kare. Abin da ke haddasa shi ƙwayar cuta ce ta jinsin bairas, mai siffar harsashi, wadda tsawonta bai wuce nanomita 180 ba. Domin a gane ƙanƙantarta, sai an jera fiye da 5,000 kafin su cika milimita ɗaya. Tana fita ne a yawun dabbar da ta kamu, ta shiga jikin wata ta hanyar cizo, ko ƙwarzane, ko lasar rauni ko ido ko baki.

Tafiyar wannan ƙwaya a jiki ta bambanta da ta yawancin cututtuka. Ba ta bin jini. Takan ɗan zauna a tsokar da aka ciza, sa'an nan ta shiga jijiyoyin da ke kai saƙo, ta riƙa hawa a hankali zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. A can take hayayyafa ta rikita dabbar, daga nan ta sauko ta jijiyoyi zuwa halittun da ke yin yawu. Watau dai lokacin da ta cika bakin kare, ta riga ta sa shi son cizo, kuma ta haka take samun sabon gida. Gwargwadon kusancin cizo da kai, gwargwadon gajartar tafiyar, shi ya sa cizon fuska da wuya ya fi haɗari, kuma yara, saboda gajartarsu, su suka fi samun irinsa.

A nan ne hikimar sabulu take. Ƙwayar tana lulluɓe da wani siririn bargo na maiƙo, kuma sabulu yana narka shi kamar yadda yake narka maiƙon kwano. Idan bargon ya fashe, ƙwayar ba ta iya shiga jijiya. Ruwa mai yawa kuma yana kwashe ragowar. Minti 15 na wanki suna rage yawan ƙwayoyin da suka shiga ƙwarai da gaske, ko da yake ba su wadatar su kaɗai.

Ciwon yana bayyana a kare ta fuska biyu. Akwai mai zafi, inda kare ke barin gida yana yawo mai nisa, muryarsa ta canja, yana dalalar da yawu yana cizon komai. Akwai kuma mai sanyi, inda yake laɓewa a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, ba ya iya haɗiya, ƙafafunsa su shanye. Wannan na biyu ya fi yaudara, domin mai gida yakan zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin baki ya ciro. Ya kamata kuma a sani cewa tsoron ruwa alama ce ta mutum, ba ta kare ba, saboda haka ganin kare yana lasar ruwa ba shaida ba ce ta lafiyarsa. Shanu da awaki da tumaki da jakuna duk suna kamuwa idan an cije su. Da zarar alamu sun bayyana, ga mutum ko ga dabba, kusan kullum ƙarshen abin mutuwa ce.

Kwana goma na wane ne?

Mutane da yawa sun ji cewa ana lura da kare kwana 10, amma sukan rikita wanda ake nufi. Kwana goman na mai cizo ne. Tun da ƙwayar ba ta isa yawu sai ta riga ta kai ƙwaƙwalwa, karen da ke iya yaɗa ta a ranar da ya yi cizo zai nuna alamu ko ya mutu cikin kwana 10. Idan an san mai harin, sai a sa mai shi ya ɗaure shi, ana ba shi ci da sha. In ya cika kwana 10 lafiya lau, to babu ƙwayar a yawunsa ranar faɗan, hankali ya kwanta. Wannan ne amfanin shaida shi, kuma shi ne dalilin da ya sa gaggawar kashe lafiyayyen karen da ya yi cizo take ɓatar da hujja.

Karen da aka ciza kuwa lissafinsa dabam ne. A jikinsa tafiyar ƙwayar yanzu ta fara, kuma tana iya ɗaukar makonni ko watanni kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Rauni ya warke, gashi ya tsiro, kowa ya manta, sai wata rana karen da yara ke wasa da shi a zaure ya juya musu. Ta wannan hanya ce cutar da ke yawo a juji take shiga har tsakar gida. Saboda haka idan mai harin ya ɓace, ko ya mutu, ko ya nuna alamu, sai a ɗauka cewa karen gida ya haɗu da cutar. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi a Amurka, alal misali, ita ce: idan an taɓa yi wa karen rigakafi, a ƙara masa allura nan take a tsare shi ana lura da shi kwana 45, idan ba a taɓa yi masa ba, a killace shi sosai wata 4, ko kuma a kashe shi ba tare da azabtarwa ba. Wannan hukunci ne mai ɗaci ga yaron da ya shaƙu da karensa, kuma allura ɗaya da aka yi a kan kari ita ke raba shi da shi. Likitan dabbobi ne zai yanke abin da ya dace, amma killacewa tana nufin ɗaki ko keji da yara da dabbobi ba su kaiwa, ba igiya a gindin bishiya ba.

Idan aka kashe karen da ake zargi, kada a farfasa kansa, kada a feɗe shi, kada kuma a sayar da shi. A sanar da ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan cikin ƙanƙara, domin a ƙwaƙwalwa ake tabbatar da cutar. Tun a 1903 wani masani ɗan Italiya, Adelchi Negri, ya gano wasu ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwar dabbobin da suka kamu. A yau ana amfani da wani rini mai ƙyalli da ke manne wa ƙwayar. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a can a 1924, tana yin wannan gwaji, kuma tana sarrafa allurar rigakafin karnuka.

Idan abin ya shafi mutum

A koma ga yaron nan mai ƙwarzane a hannu. Ba a san ko haƙorin wane ne ya taɓa shi ba, don haka sai a ɗauki mafi muni. A wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira kwana goman sun cika ba. Jinkirin tafiyar ƙwayar shi ne damar da likita yake da ita: ga mutum yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, ko da yake tana iya yin mako guda kawai ko ta kai shekara. Allurar rigakafi tana koya wa jiki ya ƙera garkuwa ya tare ta kafin ta isa ƙwaƙwalwa.

Louis Pasteur na Faransa ne ya fara gwada wannan dabara a kan mutum. Ranar 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo da dama. Aka yi masa allura 13, ya tsira, ya rayu har 1940. Allurar zamanin yanzu ba irin ta dā ba ce da ake yi a ciki sau da yawa. Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018, ana iya yin ta a cikin fata a ranar farko da rana ta 3 da ta 7, ko kuma a tsoka sau 4. Idan haƙori ya huda fata, akan ƙara da wani ruwan garkuwa da ake zubawa a cikin raunin kansa. Lalle ne a cika alluran duka, a kuma duba batun rigakafin tetanus.

Maganin gari gaba ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare suka samo shi. A Nijeriya an fara rubuta rahotonsa ga mutum a 1912, ga kare kuma a 1925.

Kashe karnukan yawo da guba ba ya kawar da cutar, domin muddin juji da mahauta suna nan, wasu za su maye gurbinsu, kuma gubar takan haɗa da waɗanda aka yi wa rigakafi. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, mahaukacin kare ba ya samun isassun waɗanda zai harba, sai sarƙar ta tsinke. A garin da ke da karnuka 200 ana bukatar 140 ke nan. Amma da yake kowace shekara wasu na mutuwa ana kuma haihuwar sababbi, dole a maimaita aikin shekara-shekara. Karen bana, in ji Hausawa, shi ke maganin zomon bana. Haka rigakafin bara ba ya tsare kwikwiyon bana. Ta wannan hanya ƙasar Meziko ta kai ga samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane daga haukan kare. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kai wa ga haka ko'ina, kuma tun 2007 ake tunawa da cutar kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu a 1895.

Kammalawa

Mai kare a Wurno ko Rabah ko Goronyo yana da hakki uku a wuyansa: ya yi wa karensa allura tun yana wata 3 ya kuma sabunta ta a kan kari, ya ajiye takardar shaidar, ya kuma daina sakinsa yana yawo, domin sakakken karen wani shi ne karen gidan wani. Idan tsautsayi ya faɗa, a raba daga nesa, a wanke da sabulu, a shaida mai harin, a killace wanda aka ciza, a kai duk mutumin da haƙori ko yawu ya taɓa asibiti a ranar. Ɗalibin da ya fahimci hanyar da ƙwayar ke bi daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa yana iya zama shi ne zai hana a shafa toka a manta.

Tambayoyi da aikin aji

1. Me ya sa cizon fuska ya fi cizon ƙafa saurin kawo alamun cutar?
2. Yi bayanin yadda sabulu yake lalata ƙwayar haukan kare.
3. Me ya sa kwana 10 suka isa ga kare mai cizo, amma ba su isa ga wanda aka ciza ba?
4. Idan ƙauye yana da karnuka 350, nawa ake bukatar yi wa allura domin a kai kashi 70 cikin 100?
5. Tare da jagorancin malami da izinin mai unguwa, ɗalibai su tambayi magidanta yawan karnukan unguwarsu da waɗanda aka yi wa rigakafi, ba tare da sun kusanci karnukan ba, sa'an nan su miƙa sakamakon ga ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.